Kunyar Ɗiyar Fari a Shekarar Agana

Ina cikin daka da hantsi wani mai jaki daga Karakkai ya yi sallama a zaure. Na jiyo muryarsa ƙasa-ƙasa da ta maigidana. Surukata ce ta shigo, ta tsaya nesa da turmi, ta ce Allah ya yi wa yarinyar nan rasuwa jiya, an riga an kai ta. Na ce Allah ya jiƙanta, na ci gaba da dakana. Daga baya na ji matan gidan suna yaba mini, wai na cika mai kunya. Ɗiyata ce ta fari, shekararta bakwai.

A lokacin ina da ƙuruciya, ina aure a Gusau, jirgin ƙasa ma bai iso garin ba. 'Ya'yana uku. Ranar da aka yaye ta farin, yayar maigidana, wadda kowa ke ce wa Goggo, ta zo ta goya ta zuwa Karakkai a ƙasar Bungudu, ta zama tata. Haka aka saba, ban kuma ga laifin hakan ba. 'Yan yanzu ba za su gane ba. A wancan zamani uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi a gabanta wata ce za ta ɗaga shi. Ni kuwa an san ni da riƙe wannan, har ina jin daɗin a faɗa.

Da bazarar shekarar fatake masu zuwa daga Tsafe suka fara kawo labarin agana, cewa tana bi gida-gida tana kwasar yara. Ba a jima ba masu lamba suka sauka a unguwarmu tare da dogari. Sukan ɗan tsaga damtsen yaro su shafa magani. Maigidana ya kai ƙananan biyu, ba don ya yarda ba, don dogari na tsaye a ƙofar gida. Hannun babban ya kumbura, ya yi zazzaɓi, wurin ya yi ɓawo. Na ƙaramin bai kama ba, sai da aka sake. Da cutar ta shigo unguwa na ga abin da idona. Gidan da ke jikin namu sun tsere da yaransu gona ranar lamba, cikin wata guda suka yi jana'iza biyu, ta ukun ta tashi da zanzana da ido ɗaya. Nawa suna wasa a tsakar gida, ko ƙurji bai fito musu ba.

Tun daga nan hankalina ya koma Karakkai, amma da wane baki? Na ce wa maigidana da ma a yi wa yaran ƙauye ma. Ya ce ya ji. Na sake faɗa, ya tambaye ni wane yaro nake nufi, ya kuwa san ba zan iya amsawa ba. Da na matsa ya ce yayarsa uwa ce a wurinsa, kuma ba a yin kyauta a koma ana leƙen ta.

Abin da ke ƙona mini rai har gobe shi ne Allah ya kawo mini yarinyar har gida. An yi haihuwa a danginmu, Goggo ta zo suna da ita. Masu lamba ba su bar gari ba, suna gindin wata tsamiya da ake hangowa daga ƙofarmu. Yarinyar ta zauna kusa da ni tana cin waina, tana satar kallona, ni ina kallon bango. Na yi ta kewaye-kewaye, na ce wa Goggo an ce lambar nan tana da amfani, ga ta kusa. Ta jawo hannun ƙaramin ɗana ta duba tabon, ta ɗaga murya yadda duk matan suna za su ji.

"Ke da kika bari aka tsage naki kamar awakin kasuwa, bar mini tawa. Ko kin fara lissafa ta cikin naki?"

Aka yi dariya. Wata ta ce yau sun ga uwar ɗiyar fari mai baki. Surukata ta harare ni, na sunkuyar da kai. Taku kaɗan ne tsakanina da tsamiyar nan. Da na kama hannun yarinyar na fita, iyakaci a yi da ni wata ɗaya, a gaji a bari. Ban yi ba. Washegari suka koma.

Da masu lamba suka isa Karakkai, Goggo ta saka yarinyar a rumbu tare da yaran maƙwabta, ta rufe, wai lambar alama ce ta ƙidayar haraji, kuma tana hana mace haihuwa. Har aiko mana ta yi da labarin, tana alfahari sun sha da ƙafar baya. Ba a yi nisa ba cutar ta shiga garin, ta fara da yaran rumbun nan. Ban ma san yarinyar ta kwanta ba, don babu wanda ya ga dacewar a gaya mini.

Ko gaisuwar ba ni aka yi wa ba. Karakkai aka tafi, Goggo aka ba haƙuri, ni aka bar ni da tuwon baƙi. Da muka haɗu ta rungume ni tana kuka, ta ce kwana ne ya ƙare. Na yarda kwana ne. Amma wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani, ya kuma kawo shi har gindin tsamiyar ƙofarmu. Ban riƙe ta a zuci ba, ta so yarinyar iyakar saninta. Haushina na gidan da ya cika da manya, kowa ya san abin da nake nufi, kowa ya yi kamar bai gane ba, ni ma ina cikinsu.

Yanzu na tsufa, sai ga shi ina jin matan unguwa suna maimaita maganar Goggo kusan kalma da kalma duk lokacin da masu riga-kafi suka zo. Abin ya ishe ni. Iyaye mata, kunya ado ce, ban ce a yar da ita ba. Amma in annoba ta shigo gari, ɗanki yana hannun kaka ko goggo, ki buɗe baki ki faɗa da sunansa. A yi miki dariya. Dariya tana wucewa.

Surukata ta rasu, Goggo ta rasu, maigidana ma haka. Ba sauran wanda zan ji kunyarsa. Har yau ban je Karakkai na tambayi inda aka sa ta ba, ban kuma kira sunanta ba.