Ranar da Baba Ya Sa Hannu da Ajami

Babana ya fi shekara arba'in yana karantarwa a makarantarsa ta Buokrom, amma a idon wani akawu jahili ne. Ina tsaye a gefensa ranar da ya rubuta sunansa da ajami a kan wata takarda. Akawun ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ce wannan zane ne, ba sa hannu ba, ya turo masa tawada ya dangwala. Baba ya dangwala. A trotro, motar hayar da muka hau, har gida yana goge yatsan da bakin rigarsa, muna sauka ya rantse ba zai ƙara ba. Ni kam har gobe in na tuna akawun nan sai raina ya ɓaci.

Rantsuwar nan ce ta so ta ja mana. Da jikinsa ya fara rauni, ya ce filin makarantar wakafi ne, ba gado ba. To, magana da baki ai ba ta hana sayarwa, kuma na san 'yan uwana sarai. Akwai masu jiran a yi sadakar arba'in su kira magina a yanka shaguna. Dole sai an sa a takarda. Na yi lallashi, na yi faɗa, har kuka na yi. Baba ya ce in dai dangwale ne, a bar wa Allah.

Wata lauya da ta yi karatun allo a hannunsa tana ƙarama ce ta cece mu. Ta iso da hantsi da 'yar kwamfutarta, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Malam, yanzu ba siffar rubutu ake dubawa ba," in ji ta. "Katinka na ɗan ƙasa zai shaida kai ne, lambar sirri ta shigo wayarka. Kana sa hannu takardar ta kulle. Ko wasali ɗaya aka taɓa bayan nan, za ta tona."

"Ko wasali?"

"Ko wasali, Malam."

"To ta fi rabin ɗalibaina." Sai ya tambaya, "Da wane rubutu zan sa?"

"Da naka."

Na karanto lambar. Baba ya gyara zama, ya yi bisimilla, ya ja sunansa a kan gilashin daga dama zuwa hagu, a hankali. Sai ya ɗaga kwamfutar ya shiga hura mata iska, yadda yake yi wa allo, ya hana kowa taɓawa sai tawada ta bushe. Lauya ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Ni ban iya dannewa ba, sai da hawaye ya zubo mini, kuma ba na dariya ne kaɗai ba.

Shaidu suka sa nasu, lauya ta ce an gama, filin ya zama na makaranta. Ta bayan katanga yara suna ta biya karatu.

Baba ya miƙo mini babban yatsansa.

"Duba min, uwata. Akwai tawada?"

Na riƙe yatsan na duba sosai. Babu ko ɗigo.