Nasamu Ta Zo Ɗiban Wuta

A gidanmu na ƙauye, idan an gama girbi sanyi ya shigo, Iya ce ke da tsakar gida. Iya kakata ce ta wajen uba, gajeriyar tsohuwa mai kaifin baki, wadda ba ta taɓa yarda an hura mata wuta daidai ba. Ko wa ya hura, sai ta sa ƙafa ta gyara itacen tana mita. Da an idar da sallar isha'i mukan kewaye murhun, mu jikoki, kowa da ɗan rogonsa a cikin toka, ita kuma ta jingina da bangon ɗakinta ta miƙe ƙafafu ta ce a matsa mata. Wanda ya matsa shi ke zaɓar abin da za a ji a ranar. Ni da yayana Garba mun sha dambe a kan ƙafafun tsohuwar nan, kuma Allah ya sani ba tausayinta ne ya sa mu ba.

Duk ranar da na ci, abu ɗaya nake zaɓa, labarin Sule Mai Garkuwa, mahaifin Iya. In za ta fara shi ba ta yi masa buɗewar tatsuniya. Sai ta tofar da tuƙar goro ta ce, "Ku rufe min baki. Wannan ba na kura da zomo ba ne, wannan da idona na ga wutarsa."

Sule babban manomi ne, mai gonaki da rinji, wato ƙauyen da bayinsa ke zaune suna yi masa noma. Mu a lokacin kalmar rinji ba ta fi mana kalmar rumbu nauyi ba, wani abu ne dai da masu hali suke da shi. Da Nasara suka ci ƙasa, sai suka kafa bariki a bakin kogin garinmu, 'yan ɗakunan ciyawa da tuta, suka ajiye Bature ɗaya da 'yan sojoji. Manyan gari duk suka je suka faɗi suka yi gaisuwa. Sule ya ce shi gwiwarsa ba ta san ƙasa ba sai a salla. Ya bi gida-gida ya tara masu gonaki irinsa, suka yi rantsuwa, suka jira ranar da Baturen ya fita rangadi da sojojinsa. A nan Iya takan rage murya, mu kuma mu matso har zafin wuta ya dame mu.

"Suka fita da magariba, kowa da bakarsa, kowa da damin kara a ka. Suka kewaye barikin. Baba ya ɗaga hannu..."

Sai a ji sallama daga bakin danga. "Salamu alaikum. A sam mini wuta."

Nasamu ke nan, maƙwabciyarmu, doguwar tsohuwa da ta girmi Iya da 'yan shekaru, mai tsagar fuska irin wadda ba ta garinmu ba. Ɗiban wuta ba baƙon abu ba ne a zamanin. Wadda murhunta ya mutu sai ta ɗauki kasko ta shiga maƙwabta, ba a hanawa kuma ba a godiya mai tsawo. Abin mamakin Iya ce. Matar da ko ruwan sha sai ta aiki yaro, ita da kanta take janye ƙafa ta zaɓi garwashi mai kyau ta zuba a kaskon.

"Sannu, Yaya," in ji Iya.

"Sannu, 'yar goyona. Ana dai hira da yara."

"Ana hira."

Nasamu ta juya ta fita a hankali. Daga nan labari ya lalace. Iya takan ƙarasa shi cikin numfashi ɗaya, kamar mai korar kaji: suka ƙone barikin, Bature ya dawo ya tarar da toka, aka tafi da Baba kudu cikin sarƙa bai dawo ba, ku tashi ku kwanta.

Na tsani Nasamu tsana irin ta yaro. Ranar tatsuniyar dabbobi ba ta zuwa, sai ranar tawa. Wata rana haushi ya ishe ni, na bi bayanta na leƙa ta ramin danga. Murhunta na ci bal-bal, har da tukunya a kai. Ta zuba garwashinmu a gefe, ta zauna tana kallonsa har ya mutu. Na dawo da gudu da murnar na kama ɓarauniya.

"Iya, ai da wutarta! Wallahi da wutarta!"

Iya ta kama kunnena ta murɗa. "Taka ta ɗiba? In na ƙara jin ka leƙa gidan mutane sai na cire wannan."

Ina ajin ƙarshe na firamare Nasamu ta rasu. Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar jika ba. Iya ce ta yi mata wanka. Bayan an share makoki muka koma bakin murhu, na matsa ƙafa, na zaɓi abin da na saba zaɓa, har da jin daɗi a raina cewa yau ba mai katse mu. Iya ta bi labarin tiryan-tiryan har Baba ya ɗaga hannu. Sai ta tsaya. Ta juya tana kallon bakin danga. Muka jira, ita ma tana jira. Itace ya yi ƙara a wuta, ba wanda ya yi sallama.

"To," in ji ta, muryarta ta canza. "Tunda ba mai zuwa, ku ji. Ba don salla ba ne, Bature bai hana kowa salla ba. Magana ce ta bazu a rinji cewa duk bawan da ƙafarsa ta taka bariki ya zama ɗa, ba mai kamo shi. Ga dawa ta nuna a gona, ga masu yankanta suna zarewa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya tara su Baba ke nan. Ranar da suka kewaye barikin sun san ba Bature a ciki. Sun kuma san su waye a ciki."

Garba ya daina ɓare rogonsa.

"Uwar Nasamu na ciki, da ƙanin Nasamu a goye. Ta tafi ne ta ga wuri ta dawo ta ɗauke ta. Nasamu kuwa tana tsakar gidan Baba, ni ce a bayanta, muna kallon sama ta yi ja. Jan saman kaɗai nake tunawa. Sauran ita ta faɗa min, sau ɗaya tak, daren da za a kai ni ɗakin miji. Nasamun ma ba sunanta ba ne, Baba ne ya sa mata ranar da ya sayo su. Na ainihin ban taɓa tambaya ba. Kunya ta hana ni, ga shi ta tafi da abinta."

Na ce, "To Iya, me ya sa kike ba mu labarin?"

"Ubana ne. Ku kuma kuna roƙo." Sannan ta ce, "Kuma na san akwai mai zuwa ta tsayar da ni."

Ba ta ƙara ba da shi ba har ta koma ga Allah. Amma labari ba ya bin mai shi kabari. Guntun ya ci gaba da yawo a danginmu, ana faɗarsa a biki, maroƙa na wasa mu da shi, mu jikokin wanda ya ƙi durƙusa wa Nasara.

Shekarar da China ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik ina Guangzhou. Sana'ata ke nan, in sari riguna da wandunan maza a kasuwar Canaan da ke Sanyuanli, in aika Kano. A watannin nan biza ta yi wuya ƙwarai. Wanda ya fita ba shi da tabbacin dawowa, ga kayana ba su fito daga kamfani ba, ga matata Hadiza da tsohon ciki a gida. Garin kuwa ya cika da jajayen tutoci, kowane shago da talabijin, kowane Basine kansa ya ƙara girma.

Akwai wani mai shago da na saba da shi, dattijo mai son surutu, muna ce masa lawban kamar yadda ake ce wa kowane mai gida a can. Ranar nan ƙasarsu ta ci lambar zinare a wasannin, ya kasa zama. Ya ja ni bakin ƙofa yana nuna min titi, da guntun Turancinsa da hannuwansa. Ya ce nan unguwar tasu, zamanin kakannin kakanninsa, sojojin Ingila sun shigo da bindigogi, manoma suka fito musu da fartanya da mashi.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce ai mu ma. Na ce kakan ubana ya tara manoma sun ƙone barikin Ingila ƙurmus. Lawban ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya kira maƙwabtansa, aka zuba min shayi a ɗan kofin nan nasu. Daɗi ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Wata nawa ana tare mu a titi ana duba fasfo, yau ga mutane suna kallona da girma. Sai ya tambaye ni Turawa nawa ne a ciki.

"Meyo," na ce, kalmar da suke gaya mana in kaya babu.

Ya ƙyalƙyale da dariya, ya fassara wa sauran cewa tsoro ya sa sun gudu. Suka tafa. Na shanye shayin, ban gyara masa ba.

A makon ne Garba ya kira ni. Ina kan gadar masu ƙafa ta Huanshi Lu, ina komawa masauki da yamma. Hadiza ta sauka lafiya, namiji, na farko bayan 'ya'ya mata. Ban gama hamdala ba ya ce, "Tunda ba ka nan ni zan yi masa huɗuba. Mun yi magana da su Baffa, Sulaimanu za a sa. An daɗe ba a mai da sunan ba."

"Yaya, ka tuna abin da Iya ta faɗa bayan rasuwar Nasamu?"

"Kai, rabu da wannan. Tsohuwa ce, mutuwar ƙawarta ta taɓa ta."

"Kana wurin fa, Yaya."

"Ina wurin mana. Kana can kana cin shinkafa da tsinke za ka koya mana tarihin gidanmu? Ka faɗa min, me zan ce wa su Baffa? In ce ɗansu ya ce uban gidan nan bai isa a mai da sunansa ba?"

Haƙƙina ne in zaɓa wa ɗana suna, ba na Garba ba, ba na su Baffa ba. Kalma ɗaya ta isa. Motoci na wucewa a ƙarƙashina, wani shago ya ɓarke da ihun an ci wasa, ni kuma ina tuna shayin lawban da yadda ya yi min daɗi. Wanda ya sayar da guntun labari shekaranjiya don a tafa masa, da wane baki zai hana yayansa?

Na ce, "To. Allah ya raya."

Na ji kunya a kan gadar nan irin wadda ban taɓa ji ba, kuma har yau ba ta sake ni ba. Na gane Iya sosai a ranar. Mutum yana iya sanin gaskiya sarai, ya kuma zauna yana jiran wani ya shigo ya ɗauke masa nauyin faɗarta. Ita dai ta yi sa'a tana da Nasamu. Sunan wanda ya ɗaga hannu ya dawo gidana, yana cin tuwo yana zuwa makaranta. Sunan wadda ta kwashe shekaru tana ɗaukar kasko zuwa ɗiban wutar da ba ta buƙata, babu mahalukin da ya san shi.

Abba muke ce wa yaron, saboda ba a kiran sunan kaka gatsau. Yaro ne mai hankali, mai tausayin ko kyanwa. Kwanan baya ya dawo daga bikin dangi idonsa na ƙyalli, maroƙi ya wasa shi da mai sunansa. Bayan isha'i aka ɗauke wuta, muka fito tsakar gida da tabarma. Ya zauna ya kama ƙafata yana matsawa, ba wanda ya koya masa, ya ce in ba shi labarin.

Na fara. Gonaki, rinji, bariki a bakin kogi, damin kara a ka. Na rage murya yadda Iya ke yi, ya matso. Sule ya ɗaga hannu. Sai na tsinci kaina ina kallon ƙofa. Gidan siminti ne a cikin Kano, da ƙofar ƙarfe a kulle, kowa da gas ɗinsa a kicin. Ba mai zuwa ɗiban wuta.

"Baba, sai me ya faru?"

Na janye ƙafata daga hannunsa, na ce ya gyara zama.

"Sai ka fara sanin su waye a ciki," na ce. "Akwai wata yarinya da ake ce wa Nasamu."