Giyar da na sa wa tambarin halal

Ni ɗan Kano ne, na je birnin Guangzhou na ƙasar China da sana'ata mai tsabta. Ina raka 'yan kasuwarmu masana'antu, ina yi musu tafinta, ina ganin kayansu sun shiga kwantena a tashar jiragen ruwa ta Nansha. Akwai wani dattijo daga Maradi, Alhaji, wanda ba ya sayen ko allura sai da ni. Ɗana yake ce mini.

Wani baƙo ne ya fara aikena in nemo masa kayan dafa giya: tukunyar ƙarfe, gangar tsimi, injin danne marfin kwalba. Na ce wa kaina ai ni ɗan aike ne kawai. Da na ga yadda giyar ke kawo masa kuɗi, sai na sayi nawa, na kafa a ɗakina a unguwar Panyu. Ina tsinto kwalabe daga shara, in ɗauraye sama-sama, in ɗura, in zuba sukari don gas ya taso, in danne marfi. Ɗakin warin tsami yake, ƙudaje sun mai da shi gida, a nan kuma nake shimfiɗa sallaya. Tir da ni.

Ana gab da azumi wata dahuwa ta fito da zaƙi, mashayan da nake sayar wa suka ƙi ta. Maimakon in zubar, sai na buga takarda mai cewa lemon malt ne, halal, na manna. Na kai Xiaobei, unguwar da mutanenmu ke sauka, suka yi rububi. Alhaji ya ɗauki katan biyu.

"Ɗana, ka tabbata babu komi ciki?"

"Haba Baba, ni zan ba ka haram?"

Abin da na sani na kuma yi shiru: tsimin bai ƙare ba. Da sukari da zafin garin nan, giya ƙara ƙarfi take cikin kwalba. Ran sha ɗaya ga azumi, Alhaji ya ɗauko ɗaya zai buɗe baki, ta fashe a hannunsa. Gilashi ya tafi da idonsa na hagu, wari ya cika ɗakin, kowa ya gane.

'Yan sanda suka kwashe ni da gangunana. Na yi zaman kurkuku, aka koro ni gida. Ban tsaya Kano ba, na wuce Maradi na durƙusa gabansa.

Ya daɗe yana kallona da ido ɗaya. Ya ce, "Idon na yahe maka. Amma shekara sittin bakin nan bai san giya ba, kai ka sa na buɗe azumi goma da ita, ina sa maka albarka. Wannan ba ni ad da yahewa ba. Tashi."

Na tuba, ina kan tuba. Yanzu ɗinki nake a Fagge, kuma ko zoɓo aka buɗe ya yi tsami sai in bar wurin.

Samari, duk ranar da kuka ji kanku kuna cewa "ni ɗan aike ne kawai", ku ajiye aiken nan. Ni da wannan maganar na fara, na ƙare da cutar mutumin da ke kirana ɗansa.