Tumbin Tolegen da Tudun Yashi

Tolegen mai gyaran agogo ne a kasuwar Jarkent, kuma duk wanda ya ga kaurin yatsunsa sai ya yi mamakin yadda suke shiga agogon mata. Kilo ɗari da talatin ne shi cif. Bai taɓa jin kunyar tumbinsa ba, don tumbin nan yana da aikin yi sau ɗaya a shekara.

Duk shekara in zafi ya sauka, shi da abokansa biyu na yarinta, Askar da Jumabek, sukan loda tanti da tukunya da naman doki a tsohuwar motar Askar, su tafi gandun dajin Altin-Emel su kwana uku. Rana ta farko yawo cikin duwatsu, ta biyu gardama kan wanda ya ɓatar da su, ta uku kuwa ta tudun yashi ce. Tudun nan, in yashinsa ya bushe aka zamo daga ƙolinsa, gurnani yake yi kamar jirgin sama na wucewa a ƙarƙashin ƙasa. Kowa ya zamo yakan sami ɗan ƙugi. Amma in Tolegen ya zauna ya saki jiki, har baƙin da ke wajen ajiye motoci sai sun ɗaga kai sama.

Jumabek, malamin kiɗa a firamare, bai taɓa hawa ba. Shekara ashirin da biyu yana zama a gindin tudun da butar shayi, ido a rufe, yana saurare, sannan ya yanke hukunci: "Bana ka fi bara, Toke. Ci gaba da cin fanke."

Sai likita ya shiga tsakani. Ya auna jinin Tolegen, ya ja matarsa Kulyash gefe, shi ke nan: ba fanke, ba kitse, ba sukari. Kulyash kuwa ba a yi mata wayo, har masu abincin kasuwa ta bi ɗaya bayan ɗaya ta ja musu kunne. Cikin shekara guda kilo arba'in suka zube.

A shekarar ce kuma kunnen Jumabek ya fara tafiya. Ya bar koyarwa, ya daina zuwa biki, in ana hira sai ya yi murmushi a inda ba a faɗi abin dariya ba. A mota, kan hanyarsu ta zuwa gandun, ya gaya musu da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryar kansa: "In ban ji tudun nan bana ba, baɗi ku taho ku kaɗai. Ba zan zo in zauna kamar buhu ba."

Tolegen ya tsorata ƙwarai. Ya san Jumabek ba ya magana biyu.

Rana ta uku ya hau, ya zauna, ya zamo. Ƙugin da ya fita bai wuce na firiji ba. Ya iso ƙasa ya tarar da Jumabek ido a rufe yana cewa, "To, ka fara mana, shayi zai huce!"

Askar ya riƙe ciki don dariya. "Ya riga ya iso, Jumeke, ga shi gabanka! Wallahi Kulyash ta cuce mu."

Tolegen ya shiga neman ƙarin nauyi. Ya goya jarkar ruwa, ya rungumi tukunyar ƙarfe, ya sake hawa. A tsakiyar gangara jarkar ta rinjaye shi, ya taho yana mirginawa, tukunya ta riga shi isowa. Jumabek ya dube shi, ya girgiza kai, ya fara tattara kofuna.

Tolegen ya tofar da yashi, ya kama hannunsa, ya kai baki kunnensa. "Kilonka nawa, tsohon banza?"

"Hamsin da biyar. Me ya dame ka?"

"Ni casa'in. Tashi!"

Awa guda suka yi suna hawa, taku biyu gaba ɗaya baya, Jumabek na zagin Tolegen da likitansa da wanda ya fara gano tudun. A ƙoli Tolegen ya zaunar da shi a gabansa, ya rungume shi ta baya, ya tura.

Yashin ya tsage ya biyo su. Tudun ya saki gurnanin da bai taɓa yi ba, har Askar a ƙasa ya jefar da kofinsa yana ihu.

Da suka tsaya, Jumabek bai tashi ba. Ya nutsa tafukansa cikin yashi.

"Ka ji?" in ji Tolegen, yana ƙwala murya.

"Kunne dai bai kama komai ba," in ji Jumabek. "Amma ya bi ƙashin bayana har haƙora. Shekara ashirin da biyu ina ƙasa ina yi maka alƙalanci, ashe abin a nan yake." Ya share fuska da hannun riga, ya shafa bayansa, ya harare shi. "Baɗi ka zo da matashin kai, Toke. Haƙarƙarinka ya sossoke ni."