Ekuter Ɗin da Ya Ƙi Ɗaukar Muryata

Tun kafin in san akwai wani abu wai shi adafta, abin da ke cin raina ɗana ne. Ya wuce shekara biyu bai ce ko Mama ba. Yana ci, yana gudu, yana jan zanena idan yana son ruwa, amma baki shiru. Na so in tambayi Innata da ke Katsina ko an taɓa yin haka a danginmu, sai dai ba ni da inda zan tsaya in yi tambayar.

Gidan da muke haya a unguwar Treichville, nan ƙasar masu Faransanci, irin wanda ake cewa kur ne: ɗakuna a jere, famfo ɗaya, tsakar gida ɗaya. Kika yi atishawa a ɗakinki, ta ɗakin ƙarshe ce za ta yi miki addu'a. Karatuna bai kai in rubuta dogon saƙo ba, Inna kuwa ko baƙi ɗaya, don haka duk zancenmu na murya ne. Ga Inna ba ta iya magana a hankali ba. Da na kunna saƙonta, sai in ji wanke-wanke ya tsaya a waje.

Wayar da maigidana ya kawo mini ba ta da ramin sa abin kunne. Wai ci gaba ne. An toshe rami, an ce ci gaba! Ya ce in je kasuwar Adjamé in sayi ekuter, wato abin kunnen, da ɗan guntun da ake haɗa shi da ramin caji, shi ne adafta.

Na goya yaro na hau bas. A layin masu wayoyi kowa yana jan hannunki, kowa nasa ne orijinal. Na tsaya wurin wani mai jan gashi da sarƙa a wuya, don na ji yana Hausa da wani, Hausar da rabinta Faransanci ne.

Masu sayar da ekuter a Adjamé gwaji ɗaya suka sani a duniya. Za su jona, su kunna kiɗa har ƙarshen ƙara, su cusa miki a kunne, su tsaya suna kallon fuskarki kamar sun ba ki zuma.

"Tanti, kin ji yadda yake duka? Sa marsh, yana aiki!"

Na ce, "Malam, ba rawa na zo yi ba. Magana zan yi da uwata."

Ya yi dariya ya taɓa na kusa da shi. "Ka ji Tanti! Abin da ya iya wannan kiɗan, magana ce za ta gagare shi? Ga mikro mai ɗaukar murya nan a jikin igiya, ga shi, ga shi."

Na ga ɗan maɓallin da idona, na karɓa.

Da azahar yaro ya yi barci. A ɗakinmu rezo, wato sabis, ba ya kamawa sai a bakin taga, don haka can na ajiye wayar, na ja igiyar na zauna a ƙasa, na kai maɓallin bakina. Na yi ta raɗa. Na faɗa wa Inna duk abin da ban faɗa wa kowa ba, har na yi kuka. Ban saurara ba na aika, don ba na son jin muryata tana rawa.

Amsa ta zo, tangaram a cikin kunnena, wannan kam ekuter ya iya.

"Ke, ban ji ki ba, sai wani abu kamar kukan sauro. Amma wace ce wannan mai cewa jikana bebe ne, wai uwarsa tana ɓoye shi a ɗaki?"

Na kunna saƙon da na aika. Ashe adaftan nan sauti kawai yake kawowa kunne, ba ya kai murya. Wayar da ke kan taga ita ta ɗauki abin da ta ji: ƙarar mai a kasko, da muryar maƙwabciyata mai suyar ayabar nan da ake cewa aloko, tana ba wata labari da Hausa tsaf. Matar da kullum sai ta ce mini "ƙanwata, an tashi lafiya?" ta miƙa wa yaron soyayyar ayaba a takarda. Har kwaikwayon yadda yake nuna ruwa da hannu ta yi, don na ji ɗayar tana cewa ta sake, suna sheƙa dariya. Maganar da na yi ta tauna yadda zan shigar wa tsohuwa a hankali, daga wannan bakin ta fara jin ta.

Washegari na koma Adjamé. Yana ganina ya kai hannu zai kunna kiɗa.

Na ce, "Ka kunna mini wannan gangar, sai na tara maka mutane."

"Haba Tanti, portabul ɗinki ne, wayarki, ba shi da kyau."

Na ce ya riƙe wayar can nesa iyakar tsawon igiya. Na danna ɗaukar murya, na yi raɗa a maɓallin, na kunna masa. Hon ɗin motoci da ihun 'yan gbaka, masu ƙananan bas na haya, kawai. Na ce, "Ina muryata?" Sai ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya zaro wani adaftan, kamarsu ɗaya sak. Muka gwada, ga raɗata ta fito.

"Ai wancan na kiɗa ne, wannan na kira ne. Ba ki tambaya ba."

"Na ce maka da uwata zan yi magana."

Ya ɗaga kafaɗa. Mutum yana yini cikin kayan sauraro, shi kansa ba ya jin abin da aka faɗa masa. Ban ma zage shi ba, bai kai ba.

Ban jira na isa gida ba. Da na sauka a tashar Gare de Bassam na raɓe jikin wani shago na kira Inna, yaro a bayana. Ta ji ni sarai. Ta ce kawuna ma ya yi jinkirin baki, amma kada in zauna a kan wannan, in kai shi asibiti a duba kunnensa. Na kai shi. Suka ce ruwa ne ya taru a ciki, suka ba da magani, muna komawa. Har yanzu bai ce Mama ba, amma idan na kira shi daga baya yana waiwayowa. Mai aloko tana nan tana ƙanwata-ƙanwata. Ina amsawa, ba na karɓar takardarta.

Don Allah, idan za ki sayi abin kunne, kada ki yarda a kunna miki kiɗa. Ki nisanta wayar, ki yi magana a igiyar, ki ji kanki tun kina gaban teburinsa. Saƙon da za ki aika wa uwarki kuma, ki saurare shi tukuna.