Ranar da Na Yi wa Umma Tafinta

Lokacin da Umma ta zo ta yi mana wata shida a gidanmu da ke Takoma Park, can ƙasar Turawa, sau biyar take bugo mini waya a ofishinmu na gidan rediyo kullum. Ina shirin shiga karanta labarai, sai ƙirrr: "Ka ci abinci? Ka sa rigar sanyi?" Ni fa da furfurata da 'ya'ya uku! Har abokan aiki suka koma gaishe ni da "ka ci abinci?"

Injiniyan da ke haɗa mana sauti, wani Bayahude mai barkwanci, ya ji labarin ya yi dariya har da hawaye. Washegari ya miƙo mini faifan fim. Ya ce ai irin wannan uwar tasu ce su Yahudawa, finafinai sun cika da ita. In nuna wa tawa, ko za ta ga kanta ta sassauta.

Ranar Lahadi bayan la'asar na saka, na zauna ina fassara mata. Ga tsohuwa ta bi ɗanta likita har asibiti da kwanon miya, tana gaya wa marasa lafiya wai ya rame. Ina satar kallon Umma, ina jira ta ji kunya. Ina! Cewa ta yi, "Allah ya yi mata albarka. Ai kuwa ya rame."

Da na ga haka sai na fara ƙara gishiri. Ɗan ya faɗi kalma uku, ni na zuba goma: "Ya ce don Allah ta daina bugo masa waya a wurin aiki, ana yi masa dariya." Alhali ko maganar waya ba a yi ba.

Umma ta ci gaba da kallo. Can aka nuno tsohuwar ita kaɗai a kicin, tana juye miyar a roba. Na buɗe baki, Umma ta ɗaga mini hannu. "Bar shi. Wannan na ji."

Ranar Litinin waya ba ta yi ƙara ba. Da farko har murna na yi. Wajen azahar na ɗaga kan wayar in ji ko ta lalace. Wallahi kunya ta rufe ni. Kafin la'asar na kasa daurewa, na buga gida.

"Umma, lafiya kuwa?"

"Lafiya lau," ta ce. "Af, ashe kai ma ka san lambar."