Wata Huɗun da Aka Hana Malama Kwali

Malama Kwali ta fi ƙarfin irin sallamar da aka yi mata. Mun faɗa tun a layin farko, domin haka ta koya mana.

Shekara talatin da ɗaya tana riga mai shara isa makaranta. Kafin a buga ƙararrawa ta buɗe tagogin ajin da ke ƙarshen baranda, ta goge allo da kanta, ta jera littattafan insha'i a kan teburinta mai gurguwar ƙafa. Daga nan sai ta zaro abin da ya ba ta suna: wani guntun kwali da ta yanka wa 'yar taga a tsakiya. Idan ta ɗora shi a kan rubutunka, jimlar farko ta sakin layi kaɗai ke leƙowa. Sauran duk a rufe.

"Wannan ita ce ƙofa," in ji ta. "In ƙofa ba ta gaya mini abin da ke ɗakin ba, ba na shiga. Na wuce shekarun lalube."

Babu wanda ya zauna ajinta bai sha kunya ba. Akwai wani dogon ɗalibi da ake kira Falwaya, wanda ya buɗe rubutunsa da cewa tun zamanin kakanninmu duniya cike take da abubuwa iri-iri.

"Ɗan nan, a kan me aka ce ka yi rubutu?"

"Amfanin ruwa, Malama."

"To ina ruwan? Ko kakannin naka sun shanye?"

Aji ya kwashe da dariya. Ta miƙa masa littafinsa. "Koma. Faɗi abu ɗaya da za ka iya tsaya masa, sauran jimlolin su biyo su ba shi shaida. Wadda ba ta da shaidar bayarwa, kore ta."

Sau bakwai yana komawa. A na takwas ya rubuta: "Gidan da ruwa ya yanke, barcin mata ne ke fara yankewa." Malama ta karanta ƙofar. Ta ɗage kwalin, ta karanta sauran. Wannan ɗagewar ita ce babbar kyautar ajin, kuma Falwaya, wanda yau furfura ta fara fito masa, har gobe yana ba da labarinta. Wata tsohuwar ɗalibarta mai aikin jinya ta ce duk rahoton da za ta bar wa likita, da majinyacin da ya fi jin jiki take buɗewa, domin mai sauri ba ya kaiwa layi na biyar. Allah kaɗai ya san rayukan da guntun kwalin nan ya tsallakar.

Ido ne ya fara cin amanarta. Shekara uku da suka wuce haruffa suka soma narkewa a gabanta. Ta canza tabarau har sau uku, aka ce ciwon ba na tabarau ba ne. Ba ta yi wa kowa kuka ba. Sai ta canza dabara: ta ɗora kwali da lalube, ta ce da mai littafin, "Karanta mana ƙofarka." Daga jimla ɗaya take gaya maka abin da ya kamata ya biyo baya, da inda za ka kauce hanya. Ɗalibai sun gane. Aji uku suka wuce ta hannunta a haka, babu wanda ya fasa ƙwai. Su ke juya mata littafi daidai kafin su miƙa.

Ranar da mai duba makarantu ya shigo ba sanarwa, ranar asiri ya tonu. Saura wata huɗu ɗalibanta sittin da uku su zauna jarrabawar fita. Wata yarinya, don tsoron baƙo, ta miƙa littafi kai a ƙasa. Malama ta ɗora kwali, ta sunkuya kamar mai dubawa.

"Malama," in ji baƙon, "haka kike karatu, a juye?"

Ta ɗago kai.

"Ranka ya daɗe, ni da kunne nake dubawa. Ga kujera, zauna ka ji."

Bai zauna ba.

Da aka ce ta ajiye aiki, ba ta roƙi komai ba sai wata huɗun nan. Ta zaunar da 'yarta ta fari ta yi mata shifta. 'Yar ta so a fara da gaisuwa da lissafin shekarun aiki.

"Umma, a ɗan lallaɓa su mana."

"Ke, rubuta: Ina roƙon wata huɗu in kai ɗalibaina sittin da uku bakin jarrabawa. Sauran su ba da shaida."

Shafi ɗaya ta aika. Bayan mako uku amsa ta zo, shafi uku cur. Malama ta ce a karanta mata jimlar farko ta kowane sakin layi kawai. Ta farko ta yaba wa muhimmancin ilimi a rayuwar al'umma. Ta biyu ta ce kamar yadda kowa ya sani, zamani yana tafiya. Ta uku ta ce bisa la'akari da abubuwa daban-daban. Har ta tara, babu wadda ta ce e ko a'a.

Malama ta yi murmushin da ya fi kuka ciwo. "Sauka can ƙasa, layin ƙarshe. Mai jin kunyar maganarsa a wutsiya yake ɓoye ta."

Can ɗin kuwa take: ba a amince ba. Ta miƙa makullin aji ran Litinin.

Babu wanda ya gaji ajin. An raba wa yaran takardu ɗauke da insha'i goma shiryayyu, aka ce su haddace. Kwalin kuma da ta manta a aljihun tebur, mai shara ya gan shi an ninke shi huɗu, an tokare gurguwar ƙafar teburin da shi. Cikin sittin da uku, bakwai ne ke zuwa ƙofar gidanta da yamma, su zauna a benci su karanta mata. Makon jiya sun koma biyar. Yarinyar da ta juya littafin ba ta taɓa fashi ba, kuma har yau ba ta iya haɗa ido da ita, ko da yake idon ba ya ganinta.

Malama, ke ce kika hana mu kewaye-kewaye. Ke ce kika koya wa 'ya'yan mutane su buɗe baki da abin da suke nufi, su tsaya a kansa ko a gaban wa. Ba za mu yi miki ƙaryar cewa an gane darajarki ba. Ba a gane ba, kuma ba mu ga alamar za a gane ba. Amma ba ki rusuna ba, mu ma da muka fito daga hannunki ba mu iya rusunawa ba. Mun gode, uwar masu faɗa a fili. Allah ya saka miki, ya ba ki haske inda ido ya gaza.

Ku kuma masu riƙe da alli, kwali ba ya wuyar samu. Ku yanka masa taga, ku ɗora a kan rubutun yaranku, ku yi haƙurin mayar da littafi sau bakwai.

Wanda zai karanta miki wannan, Malama, mun san za ki tsayar da shi a jimlar farko. Muna tsaye a gaban teburinki, muna jira mu ga ko za ki ɗage kwalin.